Dabo Mai Hoto da Malfar Farin Dutse

Duk wanda ya zauna a Birnin Kudu daga shekarun samun 'yancin kai zuwa lokacin da kuɗin mai ya shigo ƙasa ya san Dabo Mai Hoto. In ma bai san shi ba, ya san rumfarsa da ke bakin titin da ya taho daga Kano, tsakanin wani tela da mai gyaran keke. Dogo ne siriri, kullum da fensir a bayan kunne, yatsunsa kuwa ruwan wankin hoto ya rina su har ka rantse ƙunshi ya yi.

Asalinsa ɗan Surko ne. Gidansu gidan noma ne da kiwo, irin Fulanin nan da suka daɗe a wuri ɗaya har Fillancin ya tafi ya bar su da Hausa. Mahaifinsa ya so ya gaje shi, amma tun yana ƙarami aka gane Dabo ba makiyayi ba ne. In aka tura shi kiwo sai ya sami inuwa ya zauna yana kallon yadda rana ke sauka a kan ƙahon saniya, ita kuwa saniyar tana cikin gonar mutane tana cin dawa. Da ƙorafi ya yi yawa, wani kawunsa ya tafi da shi Kano ya damƙa shi ga wani Bayarabe mai hoto a Sabon Gari. Can ya yi shekaru yana shara, yana ɗebo ruwa, yana wanke hotuna, kafin maigidan ya yarda ya bar shi ya cusa kai cikin baƙin ƙyallen nan na bayan akwati.

Shekarar da aka sauke tutar Turawa ya dawo gida a bayan babbar mota, rungume da akwatin hoto na katako mai ƙafa uku. Mutanen Surko suka taru suna kallo. Mahaifinsa ya zagaya akwatin, ya ƙwanƙwasa shi da sanda, sannan ya ce, "Wannan ne abin da ka yi shekaru kana kiwo a Kano? To, Allah ya sa tana ba da nono."

Dabo ya buɗe rumfa a Birnin Kudu, aiki kuma ya samu. Ma'aikatan En'e suna son hoto, 'yan makaranta suna so, maniyyata aikin hajji dole su yi. Matsalarsa ɗaya ce, wato mutane. Ya ce wa mutum kada ya motsa, sai lokacin ƙuda zai sauka masa a hanci. Ya ce a buɗe ido, sai a zare masa su kamar an ga kura. In hoto ya fito kuma, wannan ya ce an ƙara masa baƙi, wancan ya ce hancin ba nasa ba ne. Saboda haka in kasuwa ta yi sanyi, sai Dabo ya jera buta da faifai da goro a kan tebur ya ɗauke su, don kawai ransa ya yi sanyi. Yakan ce wa tela maƙwabcinsa, "Ka ga butar nan? Tun da nake ɗaukar ta ba ta taɓa cewa na ɓata mata baki ba."

Ba a daɗe ba ya auri Hapsatu, 'yar cikin gari, mai sayar da fura a gida. Gajera ce, mai saurin hannu da saurin baki, kuma tun makon da ta tare ta gane ta auri mutumin kirki wanda sai an riƙa tuna masa ya ci abinci. Ita ce sanadin fitar sunansa, ko da yake ba da niyya ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta ci kwalliya, ta ce yau sai ya ɗauke ta, tunda ya ɗauki duk garin ban da matarsa. Ya kinkimo akwatin zuwa gida, ya rataya baƙin ƙyalle a bangon ɗakin girki, ya tsayar da ita. A gefen kanta akwai ƙwaryar nono rataye cikin ragaya, ragayar kuwa hayaƙi ya daɗe da mayar da ita baƙa ƙirin. Babu wanda ya kula da ita. Da hoton ya fito, Hapsatu ta karɓa tana murmushi, can sai murmushin ya tsaya.

"Malam, mene ne wannan a gefen kunnena?"

"Ƙwaryarki ce mana."

"Na san ƙwaryata ce. Wa ya riƙe ta?"

Dabo ya karɓa ya duba. Baƙar ragaya ta narke cikin baƙin ƙyalle, babu ko alamarta. Ga farar ƙwarya tsaye a iska, ba ta taɓa sama ba ta taɓa ƙasa. Hapsatu ta yi a'uzubillahi, ta je ta sauke ƙwaryar ta leƙa cikinta. Shi kuwa ya zauna a kan turmi da hoton a hannu har la'asar. Abin da ya fi ɓata wa Hapsatu rai shi ne duk tsawon kallon nan bai ce ta yi kyau ba ko sau ɗaya.

Daga ranar gidan bai sake zama lafiya ba. Dabo ya share ɗan filin da ke bayan zaure, ya kafa itace biyu masu baki, ya gitta gwangwala a kansu, ya saki baƙin ƙyalle a baya. Ya roƙi baƙin zare wajen tela ya fara rataya duk abin da hannunsa ya kai. Ludayi ya tashi sama, muciya ta tashi, har takalmin Hapsatu na zuwa biki. In ta nemi marfin tukunya ta rasa, ba ta tambaya, bayan zaure take zuwa ta tsinko abinta.

A hankali ya gane abubuwa. Ya gane zare ɗaya ba ya riƙe abu, sai ya yi ta juyi yana nuna wa kyamara ƙeya, don haka sai an ƙara na biyu da na uku ta gefe. Ya gane da hantsi ya kamata a yi aikin, kafin iska ta tashi, lokacin da haske ke zuwa ta gefe ɗaya. Ya gane kuma ido ba ya yarda abu ya tashi sai ya ga inuwarsa a ƙasa, shi ya sa yake shimfiɗa farar tabarma ƙarƙashin kayan. Ga ƙananan abubuwa kamar ƙwai da goro, zaren tela ya yi kauri, sai gashin wutsiyar saniya. Wannan ya mayar da shi Surko, garken mahaifinsa, yana bin shanu ta baya yana tsinkar musu gashi. Wata baƙar saniya da ba ta son wasa ta ba shi amsa a ƙauri, ya yi kwanaki yana ɗingishi. Mahaifinsa, da tsufa ya riga ya kama shi, ya yi dariya har da tari, ya ce wannan ne karon farko da ya ga Dabo ya kusanci saniya don kansa.

Ita Hapsatu, duk da mitar da take yi, ita ta zama hannun damansa. Takan tsaya bayan ƙyallen a kan turmi, tana jan zaren ta saman gwangwala, tana ɗagawa tana saukewa yadda ya ce, sannan ta ɗaure a turke. Daga gaba ba a ganin ta, sai dai a ji murya tana cewa, "Malam, furata fa tana jira na."

Hotunan da ya yi ya manna su a jikin rumfa. Babu mai saye, amma masu kallo ba sa yankewa. Yara suka fara yi masa waƙa, wai Dabo ya fara dabo. Manya kuma suka ce ai dama duk wanda ke shiga ɗaki mai duhu ya fito da fuskar mutum a takarda, ba shi kaɗai yake aiki ba. Wannan magana ta dami Dabo ƙwarai, don shi mutum ne da ko kukan mujiya ya ji sai ya matsa kusa da mutane. Sai ya ɗauki alkawarin wanke kansa. Duk wanda ya tsaya kallo, ya kamo hannunsa ya fara bayani: ga zare, ga gwangwala, ga yadda baƙi ke ɓacewa cikin baƙi, ga dalilin inuwa. Bayanin ba ya ƙarewa. Mutum ya zo karɓar hoton fasfo, sai ya rasa motar garinsu. Ba a jima ba mutane suka daina tsoron aljanun Dabo suka koma tsoron bayaninsa, in sun zo wucewa ta rumfar su ƙara sauri suna gaishe shi daga nesa.

Haka aka tafi har shekarun da kuɗi ya yi yawa a hannun ma'aikata, kowa ya sayi rediyo da agogo da keke, kowa kuma yana son a ɗauke shi tare da abin da ya saya. Dabo ma ya sayi ƙaramar kyamara mai fim, ya jingine akwatin katako. A lokacin ne wani mai kanti a Gwaram, Alhaji Iliyasu, ya tsaya shan mai a Birnin Kudu ya ga hotunan jikin rumfa. Alhaji mutum ne mai jiki da son a san da shi. Ya ce yana so a buga masa kalanda a Kano, irin ta manyan kamfanoni, kuma a samanta yana son butar shayin da yake sayarwa, tana sama ita kaɗai tana tsiyaya shayi cikin kofi.

"Rataya buta ba wuya, Alhaji," in ji Dabo. "Shayin ne aiki. Ruwa ba ya tsayawa a ɗauke shi."

"To ka tsayar da shi. Ba aikinka ke nan ba?"

Dabo ya yi kwanaki yana tunani, sannan ya yanke shawarar zuma, tunda ita a hankali take zuba kuma launinta na shayi ne. Ranar aikin Alhaji ya zo da kansa cikin babbar riga mai aiki, aka sa masa kujera a bayan zaure. Aka rataya buta a karkace, aka ajiye kofi a kan farar tabarma, aka cika buta da zuma. Ta fara zuba siririya, gwanin kyau. Dabo ya ce a ɗan ɗaga, Hapsatu ta ɗaga. Ya ce a ɗan sauke, ta sauke. Yana cikin wannan gyare-gyare ƙudan zuma na farko ya iso, ya zagaya kofi ya tafi. Ashe kiran 'yan'uwa ya je yi.

Wanda ya fara tashi Alhaji ne, kuma duk da jikinsa babu wanda ya riga shi kaiwa titi. Hapsatu ta saki zare ta dira daga kan turmi, buta ta faɗo ta loɓe. Dabo ya tsaya kare kyamara da rigarsa, don haka shi ya sha harbin. Da yamma yana zaune leɓe a kumbure, Hapsatu tana shafa masa toka, ta ce, "Ka ga amfanin abin. Yau dai gari zai huta da bayani."

Alewa ce ta fitar da shi. Ya je wajen wata tsohuwa mai alewa a unguwarsu ya sa ta ja masa wata doguwa siririya, ta ɗan murɗa ta, ta bari ta daskare. Ya cusa kanta a bakin sabuwar buta, gindinta cikin kofi. A hoto ba ka ce ba shayi ba ne ke zuba. Alhaji Iliyasu ya dawo, amma wannan karon daga cikin mota ya leƙo, sai da aka rantse masa babu zuma sannan ya fito. Da aka gama ya zare alewar ya cinye.

Kalanda ta fito, aka rataya ta a kantin Gwaram da shagunan shayi, butoci kuma suka yi ta tafiya. Ana nan sai ga wani manomi daga Maruta, Salihu, ya zo rumfar Dabo da buta a hannu. Ya ce ya saya a wajen Alhaji, ya kai gida, ya yi mata duk abin da ya sani, ta ƙi tashi, Alhaji kuma ya ce ya zo nan. Dabo ya ji daɗi ya sami wanda bai taɓa jin bayani ba. Ya zaunar da shi ya fara tun daga ragayar Hapsatu. Salihu ya saurara da haƙuri har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce, "Na gane, Malam. To yanzu zaren za ka sayar mini." Dabo ya yanko masa zare ya ba shi kyauta. An ce Salihu ya rataya butar a rumfarsa, kuma ta fi masa amfani a can, don awaki sun daina tuntsurar da ita.

Kalandar nan ce ta kawo masa Inna Batulu.

Wata ranar kasuwa da azahar ta sauko daga motar Gwaram, tsohuwa doguwa, busasshiya, da ƙunshin kaya a ka. Ta tsaya gaban rumfa ta yi sallama, ta ce, "Kai ne ɗan nan mai sa buta ta tashi?"

Dabo ya buɗe baki zai fara, ta ɗaga masa hannu. "Na ji, zare ne. An gaya mini a mota, an kuma ce kada in bari ka fara. Ni aiki na kawo."

Ta zauna a benci ta kwance ƙunshin. Malfa ce tsohuwa wadda gumi ya rina gindinta, da sandar kiwo da hannu ya goge ta har tana sheƙi, da ɗan goran ruwa, da takalman taya. Ta ce daga Farin Dutse take. Mai gidanta ya rasu bayan farin nan da ya cinye shanu, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, wai shi ya san kamanninsa, wanda bai sani ba ya zo ya gani. Ɗansu Sada yana aiki a Fatakwal, ya zo da yaransa da Sallah, yaran suna ta tambayar yadda kakansu yake, babu abin nuna musu. Sunan mamacin Ƙasimu, amma ba daga bakinta Dabo ya ji ba, sai daga baya direban motar ya gaya masa. Ita "Malam" kawai take cewa.

"Rigunansa an yi sadaka da su," in ji ta. "Waɗannan suka rage. So nake ka tsayar mini da su yadda yake tsayawa. Malfa a inda kansa yake, sanda a kafaɗa, gora a kwiɓi, takalma a ƙasa."

Dabo ya dubi malfar, ya dubi titi. "Inna, wannan ai sai ya yi kama da fatalwa."

"Fatalwa? Mutumin da ko akuya ba ta tsoronsa yana da rai?"

Ya ce zai yi shawara. Ya shiga gida ya gaya wa Hapsatu, yana fatan ta ce a'a. Hapsatu ta saurara, ta ajiye ludayi, ta ce, "Ka rataya takalmina na biki ba da izinina ba, ka rataya ƙwai, ka tara mana ƙudan zuma saboda kalanda. Yau da aka kawo maka aikin da ke da dalili shi ne za ka ce tsoro? Je ka shigo da ita, a nan za ta kwana."

Washegari da hantsi suka fita bayan zaure. Hapsatu ta hau turminta. Dabo ya ajiye takalman a kan farar tabarma, daidai, kai da kai. Inna Batulu ta taso ta karkata na hagu waje da ƙafarta.

"Haka yake. Wani bijimi ya taka shi yana saurayi, ƙafar ba ta koma daidai ba."

Aka ɗaga malfa. Ta ce a ƙara. Aka ƙara. Ta sa Dabo ya tsaya kusa da malfar ta auna, ta ce Malam ya fi shi da tafin hannu. Aka ƙara, ta ce an yi yawa, ai ba raƙumi ta aura ba. Daga bayan ƙyalle Hapsatu ta ce, "Inna, ki yanke magana ɗaya, hannuna ya fara rawa." Aka gitta sanda ƙasa da malfar, zare a kowane kai, yadda makiyayi ke ɗora ta a wuya ya rataya hannuwa. Inna ta ce ɓangaren dama ya fi sauka, don kafaɗar nan ta gaji da ɗaukar ɗan maraƙi. Aka rataya gora a kwiɓin dama. Malfar kuma ta ce a ɗan turo ta gaba, ta rufe ido, haka yake yi in ba ya son a tambaye shi inda ya kai kuɗin nono.

Dabo ya koma bayan kyamara ya leƙa. Babu kowa a wurin, kaya huɗu ne da zare da gashin wutsiyar saniya, amma ga mutum tsaye, dogo, ɗan karkatacce, kamar yana jiran shanu su gama shan ruwa. Ya ɗago kai ya dubi Inna Batulu. Ta daina gyara, ta harɗe hannu a ƙirji tana kallo.

Sai wata 'yar iska ta biyo ta saman katanga. Malfar ta fara juyawa a hankali, ta juya, ta juya, har ta ba kyamara baya ta tsaya.

Inna Batulu ta tafa hannu. "Kun gani ko? Na ce muku ba ya so!" Ta matsa gaban malfar ta nuna ta da yatsa. "Haba Malam. Jikokinka ne fa za su gani. Ka tsaya mana sau ɗaya a yi abin nan a gama." Ta yi dariya, dariyar ta yi tsawo, sannan ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Bayan ƙyalle ma aka ji Hapsatu tana jan hanci. Dabo ya ɗauko wani gashin ya ɗaura a gefen malfar, ya ja shi zuwa turke, ya juyo da ita. Ya jira har komai ya daina lilo. Da zai danna, bakinsa ya riga shi, ya ce, "To, kada a motsa."

"Da wa kake?" in ji Inna Batulu daga cikin mayafi.

Ya ɗauka sau da yawa, abin da bai saba ba, don shi mai tsimin fim ne. Da ya wanke, ya zaɓi wanda inuwar malfa ta faɗo daidai tsakanin takalman. A wurare kaɗan gashin ya kama haske ya fito fari siriri, ya zauna da tsinke da baƙin tawada yana bi yana shafewa, har wuyansa ya ƙage. Ya yi guda biyu manya, ya kai wa kafinta ya sa musu katako da gilashi.

Kasuwa ta zagayo, Inna Batulu ta dawo. Ya miƙa mata. Ta riƙe da hannu biyu, ta nesanta shi da ido, ta matso da shi. Dabo yana tsaye yana jiran abin da ya saba ji, wato an ƙara wani abu ko an rage.

"Ya ɗan fi shi tsawo," in ji ta a ƙarshe.

"Sai a sake, Inna. Ba wuya."

"A'a, bar shi. Zai so haka."

Ta kwance ɗaurin da ta zo da shi ta ajiye masa ƙwaryar man shanu, ta shiga ciki ta yi wa Hapsatu sallama, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa suna dariya, Dabo kuma ya tabbata da shi da marigayin ake yi. Sannan ta naɗe hotunan cikin zane ta ɗora a ka. Ya raka ta tasha, ya roƙi direba ya ba ta gaba saboda gilashi.

Ɗaya hoton ya tafi Fatakwal wajen Sada. Ɗayan ta rataya a ɗakinta a Farin Dutse, matan unguwa suna shigowa gani, waɗanda suka san Ƙasimu kuma ba a gaya musu ko wane ne. Daga baya wasu sun zo wa Dabo da irin wannan buƙata, wani da allon mahaifinsa da tasbaha, wata da maɗaurin kan uwarta da taɓarya. Ya yi wa kaɗan, da yawa kuma ya ba su haƙuri, ya ce aikin yana hana shi cin abinci.

Ya ci gaba da rumfarsa har masu hoto mai kala suka buɗe shago kusa da tasha, samari suka koma can. Bai yi fushi ba, har yakan je ya zauna a wajensu ya ga yadda suke yi. Da idonsa ya fara rauni ya rufe rumfar, mai gyaran keke ya faɗaɗa tasa zuwa ciki. Shi da Hapsatu suka koma Surko, gonar da mahaifinsa ya bari, ya shuka mangwaro a gefen rafi yana ban ruwa da kansa safe da yamma. A can ya rasu wata damina, bayan gajeriyar jinya, itatuwan sun fara 'ya'ya.